Jaridar kurame: me ya sa ba ta daɗewa, kuma wa zai karanta ta a ƙauyukan Kano da Jigawa?

Duk ƙarshen watan Satumba, idan makon kurame na duniya ya zagayo, sai maganar haƙƙinsu na samun labarai ta taso. Ranar 23 ga watan ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa harsunan hannu, kuma tun 2018 ake bikinta. A nan gida akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Daga nan iyaye da malamai, har da su kuramen, suke tambaya: tunda rediyo ba ta yi musu rana, me zai hana su kafa jaridarsu, su rubuta da kansu, su karanta da kansu?

An gwada. A wasu ƙasashe an fara gwadawa kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Kaɗan daga cikin jaridun sun yi tsawon rai, da yawa kuwa ba su kai ko'ina ba. Dalilan mutuwarsu suna nan daram a Ringim da Gaya da Birnin Kudu, har da wani ƙarin dalili da ya fi shafar ƙasar Hausa.

Kurma, bebe, da maganar hannu

A bakin Bahaushe, kurma shi ne wanda ba ya ji, bebe kuma wanda ba ya magana. A ƙauye yawanci duk wanda aka haifa ba ya ji, bebe ake ce masa, domin abin da mutane suka fara lura da shi ke nan. Amma harshensa lafiya lau yake, kunnen ne bai taɓa kawo masa sautin da zai kwaikwaya ba. Shi ya sa kuramen da suka yi makaranta da yawa ba sa son a kira su bebaye, ko da yake dattawan cikinsu sun daɗe suna amfani da kalmar a tsakaninsu, har akwai sarautar Sarkin Bebaye a tsarin gargajiya.

Akwai kuma bambancin da ke da muhimmanci ga batun jarida. Yaron da aka haifa da kurumta daban, wanda ya kurumce yana ɗan shekara tara ko goma daban. Na biyun ya riga ya iya Hausa kafin ciwo ya taɓa shi. Irinsu suna da yawa a yankinmu, domin sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai ruwa da aka bari ba magani duk suna tafiya da ji. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, Kano na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda suka tashi babu ji. Yaran wancan lokaci su ne magidanta da matan aure na yau.

Maganar hannu kuwa harshe ce cikakkiya, ba nune-nune ba. Tana da nata tsarin jimla, fuska da gira da kafaɗa duk suna aiki a cikinta, kuma ba Hausa ce aka mayar hannu ba. Wata masaniyar harshe 'yar Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000.

Inda aka fara gwadawa

Labarin ya fi fitowa fili a Amurka, domin a can aka adana takardun. A 1837 wani kurma mai suna Levi Backus ya fara fitar da jaridar mako-mako mai suna Radii a wani ƙaramin gari, Canajoharie, cikin jihar New York. Ya yi karatu a makarantar kurame ta Hartford, wadda aka kafa a 1817, ya kuma koyar a wata makarantar kurame da ke yankin garin kafin a rufe ta. Sunan jaridar da hotunan yatsu aka zana shi a goshinta, kowane harafi da siffar hannunsa. A 1840 gobara ta cinye maɗaba'arsa, ya kwashe ya koma Fort Plain ya ci gaba. Abu biyu suka riƙe shi: jaridar ta gari ce, masu ji ma suna saye domin labaran yankinsu, sannan gwamnatin jihar ta yi wasu shekaru tana biyan kuɗi a aika wa kurame ita.

Wadda ta dogara da kurame zalla ba ta samu wannan sa'a ba. A 1860 ƙungiyar kuramen yankin New England ta fara wata jarida ta wata-wata a Boston, Gallaudet Guide. Kurame ne suke rubuta ta, domin kurame. Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, zuwa 1862 jaridar ta yi shiru.

Hanya ta uku ita ce ta makarantu. Makarantar kurame ta North Carolina ta fara fitar da 'yar jaridarta a 1849, sauran makarantu suka bi sahu, domin kusan kowacce tana koya wa ɗalibanta sana'ar ɗab'i, ga inji a ɗaki, ga hannun aiki kyauta. Wadda ta fi shahara ita ce The Silent Worker ta makarantar New Jersey, wadda aka fara a 1888, wani malami kurma, George Porter, ya raya ta har ta zama muryar kuramen ƙasar. Sai dai a lokacin duniyar ilimin kurame ta rabu biyu. Tun taron birnin Milan na Italiya a 1880, inda malamai masu ji suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu a koma tilasta wa yara magana da karanta leɓe, masu wannan ra'ayi suke ta karɓe makarantu. Marubutan jaridar suna kare maganar hannu, shugaban makarantar, Alvin Pope, ya karkata ɗaya ɓangaren. A 1929 aka rufe ta. Shekara 41 tana fita, amma injin na makaranta ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Sai a 1948 ƙungiyar kurame ta ƙasar ta farfaɗo da sunan, wannan karon a hannunta.

Ba kurame kaɗai ba

Kafin a ɗora wa kurumta laifi, a tuna cewa ƙananan jaridun Hausa ma haka suka sha. A zamanin yaƙi da jahilci, hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, da ke Zariya ta riƙa buga wa larduna jaridunsu: Sodangi ta lardin Kano, wanda a lokacin ya haɗa da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato. Da aka rushe hukumar a 1959, yawancinsu suka bi ta. Ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ƙarfin gwamnati ne ya daɗe yana tallafe da ita.

Lissafin ba shi da wuya. Kuɗin kofi ba ya biyan kuɗin bugu, talla ce ke cike giɓin. Mai talla kuma yana bin inda masu saye suka taru. Takardar buga jarida daga waje ake shigo da ita tun da masana'antar takarda ta Oku Iboku ta tsaya, don haka duk lokacin da Naira ta faɗi, takarda ta tashi.

Sai a ɗora matsalar warwatsuwa. Masunta suna da unguwarsu, maƙera suna da tasu, amma kurumta ba ta bin zuri'a a mafi yawan lokuta. Yawancin kurame iyaye masu ji ne suka haife su. Ƙauye guda zai iya samun biyu ko uku, na gaba ɗaya, na gaba da shi babu. A ce an buga kofi 300 a Dutse. Kafin su isa hannun masu su, sai an bi ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, a ba direban motar kasuwa, a roƙi ɗan kamasho ya ajiye, a jira wani ya zo ɗauka. Kano kuwa 44 ne. Kuɗin kai kofi ɗaya zai iya fin kuɗin buga shi, dawo da kuɗin cinikin kuma wani aikin ne daban. Ƙari a kan haka, irin wannan jarida kusan kullum a wuyan mutum ɗaya take: shi ne edita, shi ne mai neman labari, shi ne mai bin bashi. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi aure nauyi ya ƙaru, fitowa ta gaba ba ta zuwa.

Harshe uku, takarda ɗaya

Nan ne lamarin ƙasar Hausa ya bambanta da na Amurka, kuma nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin tuntuɓe.

Ilimin boko na kurame a Najeriya daga kudu ya shigo. Makarantar Wesley ta Legas tana cikin na farko, sannan Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka, wanda ya gama kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da talatin a Afirka. Da maganar hannu ta Amurka ya zo, kuma ita ce ta zama tushen abin da ake koyarwa a makarantun kurame na ƙasar nan. Makarantar Tudun Maliki da ke Kano, wadda aka buɗe a 1977, a kan wannan turba ta tashi: alamun makaranta, rubutun Turanci.

Sakamakon haka, a gari ɗaya za a iya samun kurame uku da ba abu ɗaya suke karantawa ba. Ga manomi ɗan shekara hamsin da bai taɓa shiga aji ba, maganar hannu ta gargajiya ce harshensa, yana ciniki da ita, yana neman aure da ita, yana faɗa da ita, amma takarda ba ta ce masa komai. Ga saurayin da ya gama sakandaren kurame, yana magana da alamun makaranta, yana rubuta saƙo a waya da Turanci, Hausar boko kuwa tana ba shi wahala domin ba a koya masa ita sosai ba kuma bai taɓa jin ta ba. Ga kuma matar da sanƙarau ya kurumtar tana aji huɗu, Hausa ce a zuciyarta, tana iya karanta littafin Hausa daga farko har ƙarshe, hannun ne ma ta koya daga baya. Da wane harshe za a buga musu jarida? In an yi da Turanci an bar biyu a baya. In an yi da Hausa an bar biyu. Harshen da ya fi kusa da haɗa su, wato hannu, ba shi da rubutun da jama'a suka sani.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa karatu ke yi wa wanda aka haifa kurma wuya, domin ana yawan ɗaukar abin a matsayin rashin ƙwaƙwalwa, alhali ba haka ba ne. Boko da ajami duka sauti suke kamawa. Yaro mai ji idan aka nuna masa "ƙasa" da "kasa", kunnensa ya riga ya san bambancin, ƙugiyar kawai ake nuna masa. Kurma sai dai ya haddace siffar kowace kalma da ido, kamar mai haddace fuskokin mutanen da bai taɓa magana da su ba. Makarantar allo ma, da take kusa da kowane yaro a ƙauye, a kan biyawa da murya aka gina ta. Yaro kurma zai iya wanke allo ya kwafi rubutu da kyau, amma wanda zai fassara masa ma'ana da hannu shi ne ba a cika samu ba. Idan kuma ya kai shekara bakwai ko takwas babu wani cikakken harshe da ake yi masa a gida, to ya zo makaranta a makare, ba don laifinsa ba.

Wannan ne ya sa a kusan ko'ina waɗanda suka kurumce daga baya su ne suke zama editoci da sakatarorin ƙungiya. Suna da amfani ƙwarai, su ne gada. Amma akwai haɗarin jaridar ta zama ta 'yan tsirarun da suka iya alƙalami, tana magana da sunan mutanen da ba za su iya duba abin da aka rubuta a kansu ba.

Jaridar ranar kasuwa

Rashin takarda bai sa kuramen karkara zama babu labari ba. Wanda ya saba cin kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis, in ya lura, zai ga wani gefe da suke haɗuwa, gindin bishiya ko bakin rumfar wani tela ɗan'uwansu. Ba a zama a jere, da'ira ake yi, domin kowa ya ga hannun kowa. Wanda ya dawo daga birni shi ke da fage. Zai ajiye kayansa ƙasa don hannu biyu su samu sarari, ya fara: kuɗin mota ya tashi, wane ya yi aure, an kama wane an sake shi. Mai son katse shi sai ya kaɗa hannu a gaban idonsa ko ya taɓa masa kafaɗa. Ana musu, ana gyara wa mai ba da labari, ana dariya. Magariba na yi taron ya watse, domin duhu shi ne ke rufe musu baki.

A kwatanta wannan da abin da ke faruwa a teburin mai shayi da safe. An kunna BBC, wadda sashenta na Hausa ke watsa shiri tun 1957, mutane sun yi tsit, sai kuma kowa ya ɗauki salati. Kurman da ke zaune a ƙarshen benci ya taɓa ƙanensa ya juya tafin hannu sama, alamar me ya faru. Ƙanen, ba da mugunta ba, ya yi masa alamar "bari, anjima". Anjimar nan sau da yawa ba ta zuwa, in ta zo kuma labarin minti goma ya koma alama biyu. Wannan giɓi ne masu neman jarida suke son cikewa, kuma giɓin gaskiya ne.

Raunin labarin kasuwa shi ne na duk labarin da ke bin baki ko hannu: mako guda kafin ya zo, ba a san tushensa ba, kuma matan aure da ke cikin gida ba sa zuwa da'irar.

Takarda, bidiyo, ko tafinta

Masu goyon bayan takarda suna da hujja mai ƙarfi. Takarda ana ajiye ta a teburin shugaban ƙaramar hukuma, ana nuna ta bayan shekara goma. Tana sa yaran makaranta su ga amfanin karatu idan suka ga sunan garinsu da hoton wanda suka sani. Ba ta buƙatar caji ko data.

Masu cewa a koma bidiyo suna amsawa da cewa wannan ne karon farko a tarihi da za a iya aika maganar hannu nesa yadda take. Saurayi a Haɗeja zai tsaya gaban waya ya yi bayanin minti uku, kafin la'asar an gani a Kazaure ta WhatsApp ko Facebook, babu kuɗin bugu, babu direba. Wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai fahimta, in dai da alamun da ya sani aka yi. Sai dai bidiyo ya fi rubutu da murya cin data nesa ba kusa ba, yana son babbar waya, ga wuta, ga sabis da ke ɗaukewa a ƙauye. Mai ji yana samun labari da rediyo mai batir biyu, kurma sai ya mallaki waya mai tsada kafin ya samu irinsa. Jita-jita ma ta fi gudu a nan, domin babu edita.

Kashi na uku suna ganin bai kamata kurame su ware ba, a matsa wa gidajen talabijin da hukumomi su sa tafinta. Ana ganin tafintan a kusurwar allo a wasu labaran talabijin, kuma ci gaba ne. Amma da alamun makaranta yake fassarawa, manomin da aka ambata a sama ba zai gane yawancinsu ba, ko da akwai talabijin da wuta a garinsu. Sannan tafinta labarin masu ji yake kawo wa kurame. Ba ya ɗaukar labarin kurame ya kai wa kowa, wanda shi ne ainihin aikin da jaridun can na Amurka suka yi.

Idan aka auna ukun, bidiyo ya fi dacewa da isar da labari cikin sauri, takarda ta fi dacewa da kai kuka ga hukuma da barin tarihi, tafinta kuma wajibi ne a asibiti da kotu ko da akwai sauran biyun. Darasin Backus har yanzu yana aiki: shafi ɗaya na kurame a cikin jaridar Hausa mai rai, irin Aminiya da ke fita tun 2006, ko fili a shafin labarai na yanki, zai fi sabuwar jarida mai zaman kanta yiwuwar ɗorewa, matuƙar kurame ne ke zaɓar abin da zai shiga.

Abin da doka ta tanada, da abin da ya shafi talaka

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, kuma sashe na 21 na yarjejeniyar ya ambaci samun bayanai da amfani da harsunan hannu ƙarara. Dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta haramta wariya, ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma kafa hukuma ta ƙasa da ta fara aiki a 2020. Ba ta ware wa wata jarida kuɗi ba. Wanda ya ji an ce doka ta zo, kada ya zaci akwai asusun da zai je ya karɓa ya buɗe maɗaba'a. Abin da ta bayar shi ne madogara: Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa da rassanta na jihohi suna da hujjar neman a yi sanarwar gwamnati ta hanyar da mambobinsu za su fahimta.

Amfanin wannan ba a takarda ya tsaya ba. Lokacin canjin kuɗi, Babban Banki ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kotu ta shiga, magana tana sauyawa kusan kullum. Masu rediyo a kunne ma sun ruɗe, balle mai jiran ranar kasuwa. Haka gargaɗin ambaliya ga garuruwan bakin kogin Haɗeja, da ranar rigakafi, da rabon taki, da rajistar katin zaɓe: duk ta rediyo da lasifikar masallaci da mai shela suke zuwa. Iyalin da ke da kurma za su iya rage wannan tun yau, ta hanyar ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin zama ya ba shi labari cikakke, ba guntu ba. Mai unguwa da ma'aikacin asibitin ƙauye kuma sun san kuramen yankinsu ɗaya bayan ɗaya, aika musu mutum ba ya cin kasafin kuɗi.

Akwai kuma batun adanawa, wanda masu bidiyo ba su cika tunawa da shi ba. Ana iya ba da labarin The Silent Worker a yau ne domin jami'ar Gallaudet ta adana kofenta, har ta ɗora su a intanet. Tsofaffin jaridun Hausa ma ana neman su a Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Bidiyon da matasan kurame ke aika wa juna yanzu, wanda a cikinsa akwai alamun dattawan ƙauye da makaranta ba ta koyarwa, a cikin wayoyi yake zaune. In wayar ta cika a goge, in an sace ta ya tafi. Duk ƙungiyar da za ta fara irin wannan aiki a Kano ko Jigawa tana buƙatar ta yanke tun ranar farko wa zai riƙa tara kofe, a ina za a ajiye, kuma da sunan ƙungiya za a buɗe shafin ko da sunan mutum ɗaya.